Jirgin safe daga Legas zuwa Kano

Jama'a wlh jirgin safen nan ya biya ni. Na saba bin motar dare daga Agege, mutum ya kwana ya wuni a hanya ƙafa duk ta kumbura, amma ranar Talata da muka tashi daga Murtala Muhammed a Ikeja awa ɗaya da rabi ko cika bai yi ba sai gamu a filin Malam Aminu Kano, tafiyar kilomita 800 da ɗoriya fa ta sama! Hajiyata har mamaki ta yi. Ma'aikatan akwai fara'a, jakata ma ta fito lafiya lau. Kuɗin tikitin ne dai da zafi gaskiya, kuma ku fito da wuri sbd go-sulo ɗin Ikeja.