Kafin a sayo jirgi mai saukar ungulu na jigilar sojoji, a fara gane sunansa tukuna

Duk ranar da aka ce gwamnati ta sayo jirage masu saukar ungulu sai ka ga ana ta yawo da hotuna ana murna, amma in ka tsayar da mutum ka ce wannan na kai hari ne ko na jigila ne, sai ya yi shiru. Ni na jigilar ya fi damuna, don shi ke kai soja inda ba titi, ya kai masa abinci da harsashi, in an harbe shi ya ɗauko shi kafin jini ya ƙare. Mi-171 ɗin nan na sojan saman Najeriya da ya faɗi kusa da Chukuba a ƙaramar hukumar Shiroro a watan Agustan 2023, ai aikin kwaso waɗanda aka raunata ya je yi. To kuɗin jama'a ne ake kashewa, ya kamata mu san me ake saya mana.

Mu fara da suna, don nan ake fara rikita mai saye. Tun 1962 Amurka ta haɗa tsari ɗaya wa duka rundunoninta, H na nufin helikwafta, harafin da ke gabansa kuma shi ke faɗin aikinsa. CH na dakon kaya da dakaru ne, UH na aikin yau da kullum, AH na kai hari. Shi ya sa da ka ga CH-47 ko UH-60 ka riga ka san gidan da ya fito. Sojan ƙasan nasu kuma sukan laƙaba musu sunayen ƙabilun asalin ƙasar ko shugabanninsu, Chinook da Apache da Lakota duk ƙabilu ne, Black Hawk kuma wani jagoran yaƙi ne na ƙabilar Sauk. Amma shi wannan Black Hawk ɗin a wajen kamfanin Sikorsky mai ƙera shi S-70 ne sunansa, wanda ake haɗawa a Mielec ta ƙasar Poland kuma S-70i.

Na Rasha sun fi ruɗarwa. Mi gajarcen Mil ne, sunan wanda ya kafa ofishin da ke zana jiragen. Wanda sojan Rasha ke kira Mi-8MT shi aka sayar wa duniya da sunan Mi-17, masana'antar Ulan-Ude ta fitar da nata ta ce Mi-171, ta Kazan tana da Mi-17V-5, ita kuwa NATO duk ta haɗa su ta ce Hip, saboda a tsarinta duk helikwaftan Rasha da H sunansa ke farawa, Hind, Halo, Havoc. In kana son rabe tsohon Mi-8 da Mi-17 da ido, duba ƙaramar farfelar wutsiya, ta tsohon tana dama, ta Mi-17 tana hagu. Turawa ma haka, jirgin da aka sani da EC725 Caracal ya koma H225M a 2015 bayan Eurocopter ya zama Airbus Helicopters.

Wannan ba surutun masu sha'awar jirgi ba ne kawai. In takardar kwangila ta ce "Black Hawk guda shida" ko "Mi-17 guda huɗu" ta tsaya nan, wallahi ba ta ce komai ba, don UH-60A da aka ƙera a shekarun 1980 aka yi masa ritaya Black Hawk ne, sabon UH-60M ma Black Hawk ne, kuma tsakaninsu kamar tsohuwar Kwatano ce da sabuwa dal a leda. Harafin ƙarshen nan, da lambar jikin jirgin, da shekarar ƙira, da awa nawa ya riga ya tashi, su ne ainihin sunan abin da za a biya.

To yanzu jiragen kansu. Mi-17 shi ne jakin dawa, yana ɗaukar kaya kimanin tan 4 a cikinsa, sojoji daga 24 har sama da 30 gwargwadon samfuri, ko gadon marasa lafiya 12, bayansa na buɗewa a tura kaya kai tsaye, kuma makanikan Najeriya da Nijar da Ghana da Chadi sun saba da shi. A zafi da ƙura yana da juriya, a bakin injinsa ma akwai murafai masu tace yashi. Amurka da kanta ta saya wa sojan Afganistan shi, da aka zo aka sauya musu da Black Hawk sai aka ga kayan da Mi-17 ɗaya ke ɗauka sai an yi kusan sahu biyu, gyaran kuma ya koma hannun 'yan kwangila na waje. Matsalarsa yau ba ta ƙarfe ba ce, ta siyasa ce. Tun yaƙin Yukren kayan gyara da hanyar biyan kuɗi suka yi wuya, ga dokar Amurka ta CAATSA ta 2017 da ke barazanar takunkumi ga mai sayen manyan makamai daga Rasha, Filifin ma saboda tsoronta ta soke cinikin Mi-17 guda 16 a 2022 alhali ta riga ta ba da kafin alƙalami.

Black Hawk ya fi ƙanƙanta, sojoji 11 da makamansu, kaya kimanin tan 4 a rataye a ƙarƙashinsa, yana aiki tun 1979, an gina shi ya jure harbi da faɗuwa, kuma da yake dubbai aka ƙera kayan gyaransa sun wadata a duniya. Sai dai mabuɗin yana Washinton. Mu a Najeriya mun ɗanɗana wannan a 2014 lokacin da Amurka ta hana Isra'ila sayar mana da jiragen Cobra, ana tsakiyar faman Boko Haram. Duk mai sayensa ya sa a ransa wata rana majalisar wata ƙasa za ta iya tsayar masa da kaya a tashar ruwa.

Chinook kuwa babban yaya ne, farfela biyu manya gaba da baya, kujeru 33 ko gadaje 24, yana rataya abin da ya haura tan 10. Indiya ta ƙulla cinikin guda 15 a 2015 ta bar Mi-26 na Rasha mai ɗaukar tan 20, Jamus ta zaɓi 60 a 2022. Jirgi ne na gaske, amma tsadar awa ɗaya a sama ba wasa ba ce, a ganina mai ƙaramin kasafi ya kawar da kai kawai.

H225M da ƙaninsa H215M zuriyar Super Puma ne, wanda sojan samanmu sun daɗe da saninsa. Babban yana ɗaukar sojoji kusan 28 kuma yana cin dogon zango, a girma shi ya fi kusa da maye gurbin Mi-17, sai dai kuɗinsa da gyaransa na Turai ne. NH90 na haɗin gwiwar ƙasashen Turai kuwa a yi hattara, a takarda ba abin da ya rasa, amma Norwe ta soke kwangilarta a 2022 bayan shekara ashirin tana jiran ya yi aikin da aka alkawarta, Ostireliya ta ajiye nata a 2023 ta koma Black Hawk guda 40. Ƙasashe ne masu kuɗi da injiniyoyi fa, suka kasa riƙe shi a sama.

Abu ɗaya da takardar talla ba ta faɗa shi ne alƙalumanta na yanayi mai sanyi ne a daidai bakin teku. A Maiduguri a watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, iska ta yi sakayau, injin ya rage ƙarfi, jirgin da aka ce na mutum 28 sai an sauke wasu ko a rage mai kafin ya ɗaga. Wajen sauka a fako kuma farfela kan tayar da ƙura ta turnuƙe har matuƙi ya daina ganin ƙasa saura 'yan mitoci kaɗan, yashin nan kuma yana cin bakin farfela da cikin injin kamar ana goga musu samfefa. Saboda haka a kawo jirgin nan a gwada shi a bazara da cikakken lodi, ba a je can a kalla a filin baje koli ba.

Sannan a sa ido kan dillalai, Indiya ta soke cinikin AW101 guda 12 a farkon 2014 saboda zargin cin hanci, ciniki gwamnati da gwamnati ko kai tsaye da masana'anta ya fi sauƙin bin sawu.

Da ni ke da ta cewa, ba zan zubar da Mi-17 ɗin da ke hannu ba, zan nemi inda za a riƙa yi musu babban garambawul ba lallai sai a Rasha ba, sabon saye kuma in karkata ga H215M ko S-70i, iri ɗaya tal, ba biyu daga nan uku daga can ba, don kowane sabon iri sabon sito ne da sabbin makanikai da sabon horon matuƙa. Kuma a cikin kwangilar a rubuta ƙarara cikin jirage goma guda nawa kamfanin ya ɗau alkawarin za su iya tashi kowace safiya, da kayan gyaran shekara nawa ke biye da su, da nawa zai biya in ya gaza.