Jinga, aikin yini ko biya mataki-mataki: abin dubawa kafin a ba ɗan kwangila gini

Yawancin rigimar da ke tashi tsakanin mai gini da ɗan kwangila kan jinkiri tana farawa ne tun ranar da aka yi ciniki, lokacin da kuɗi suka riga aiki tafiya. Mutum ya miƙa rabin kuɗin gidansa a matsayin kafin alƙalami, bayan wata huɗu ya je fili ya tarar ko linta ba a kai ba, shi kuwa ɗan kwangila yana cewa kuɗin sun ƙare domin siminti ya tashi. Saboda haka tsarin biyan da aka zaɓa ya cancanci dogon nazari fiye da farashin da aka yanke.

Tsarin da ya fi jan hankalin masu aikin ofis da mazauna ƙasashen waje shi ne jinga ta gaba ɗaya, wato ɗan kwangila ya ɗauki kaya da aiki a kan farashi guda, mai gida kuma ya jira makulli. Daɗinsa shi ne mutum ya san abin da zai kashe tun farko. Matsalarsa kuwa ta fito fili a farkon shekarar 2024, lokacin da buhun siminti mai kilo 50 ya tashi daga wajen naira 5,000 ya haura 10,000 a wasu kasuwannin Najeriya, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge a watan Fabrairu aka tsayar da shi tsakanin naira 7,000 da 8,000. Ɗan kwangilar da ya yi jinga da tsohon farashi yakan zaɓi ɗaya cikin uku: ya tsayar da aiki, ya nemi ƙari, ko ya rage siminti a kwaɓi da kaurin rodi, kuma na ƙarshen ne mafi haɗari tunda filasta za ta rufe shi. Mai gidan da zai ba da jinga ta gaba ɗaya lalle ne a rubuta masa yadda za a yi idan farashin siminti da rodi da kwano ya motsa, da kuma wanda zai ɗauki bambancin.

Jingar aikin hannu kaɗai, inda mai gida ke sayen kaya da kansa, tana kawar da wannan gardama, amma tana mayar da nauyin jinkiri kansa. Idan tifar yashi ta makara kwana biyar, magina za su tafi wani aikin, kuma babu hujjar da zai kama su da ita idan suka ƙi dawowa da wuri. Wannan tsari ya dace da wanda yake kusa da filinsa kuma yake da amintaccen mai gadin kaya. Aikin yini kuwa bai dace da ginin gida cikakke ba, domin wanda ake biyansa da kwana ba shi da dalilin gaggawa. A bar shi ga ƙananan gyare-gyare.

A ganina biya mataki-mataki ya fi sauran kare ɓangarorin biyu, kuma ana iya ɗora shi a kan kowace irin jinga. Ana raba kuɗin bisa matakan da ido ke gani: harsashi, bulo zuwa linta, rufi, filasta da wayarin, sannan tayil da fenti. Ba a sakin kuɗin mataki na gaba sai wani ƙwararre da ba yaron ɗan kwangila ba, kamar injiniya mai rajista da COREN (hukumar kula da aikin injiniya a Najeriya) ko masanin gini mai rajista da CORBON (hukumar rajistar masana gini), ya duba ya tabbatar an kammala na baya. A manyan kwangiloli an saba riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin har sai an yi kimanin wata shida bayan miƙa gini, domin a ga ko rufi zai yi yoyo ko bango zai tsage, kuma babu abin da ya hana mai ƙaramin gida yin haka, musamman idan wa'adin zai ratsa damina. Sai dai tsarin yana da sharaɗi a kan mai gida shi ma, domin idan ya makara wajen biya, to jinkirin nasa ne, kuma adalci ne a ƙara wa ɗan kwangila kwanaki daidai da waɗanda aka ɓata masa.

Game da tarar jinkiri, wato a rage wani adadi a kan kowane mako da aka wuce wa'adi, wasu kan yi ɗari-ɗari da ita don tsoron riba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta halatta sanya irin wannan sharaɗi a cinikin ƙira da gini matuƙar ba wani uzuri ne da ya fi ƙarfin mai aikin ya tsayar da shi ba. Ya kamata adadin ya yi kusa da asarar gaske, misali kuɗin hayar da mai gida zai ci gaba da biya, kuma a kafa masa iyaka.

Idan rigima ta riga ta ɓarke, gudu zuwa ofishin 'yan sanda ba ya dawo da kuɗi bisa doka, domin Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Abin da ya fi amfani shi ne a kira mai ƙididdigar gini ya auna aikin da aka yi ya kwatanta da kuɗin da aka karɓa, sannan a kai wannan lissafi zauren sulhu, irin wanda ke ƙarƙashin babbar kotun jihar Kano da ta Legas, kafin a yi tunanin shigar da ƙara. A can abin da za a nema shi ne takardar yarjejeniya mai sa hannun shaidu, da shaidar tura kuɗi ta banki, da hotunan aiki masu ɗauke da kwanan wata.