A Suwidin har kaka ana biyanta kuɗin reno

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da yara da duk mutanen Agege. Labarin da kika ce kin ji a rediyo, cewa Suwidin ta yi dokar biyan kaka kuɗin renon jika, gaskiya ne, amma akwai abin da ba su faɗa muku ba.

Tun 1 ga Yulin 2024 dokar ta fara aiki. A nan Suwidin duk haihuwa gwamnati na ba iyaye kwana 480 na hutun reno, kuma da biya. Kwana 390 daga ciki ana biyan mutum kusan kashi 80 cikin ɗari na albashinsa, sauran 90 ɗin kuma kurona (kuɗin ƙasar) 180 ne a rana, abin da a nan bai taka kara ya karya ba. Sabon abin shi ne uwa ko uba kowanne na iya ɗauke kwana 45 daga nasa ya ba wani: kaka, goggo, kawu, ko ma maƙwabciya da babu dangin iya babu na baba. Wadda ke riƙon ɗanta ita kaɗai tana iya bayar da 90. Ba sabon kuɗi aka ƙaro ba, daga cikin 480 ɗin nan ake yanka. Wanda ya karɓa dole ya ajiye aikinsa a ranakun, kuma da abin da shi yake samu ake yi masa lissafi, ba da albashin iyayen ba. Su dai mutanen nan tun 1974 suke ba maza hutun haihuwa, don haka ganin ƙato da keken jariri a tashar jirgin ƙasa da hantsi ba ya ɗaga wa kowa gira.

To ga inda gizo ke saƙar. Sai wanda ke zaune a ƙasar, yana cikin inshorar gwamnati, zai ci wannan kuɗin. In Hajiya ta zo da bizar ziyara ta yi mini wata uku, ta yi wanka ta yi goyo ta hana idonta barci, ko sisi hukumar ba za ta ba ta ba. Galibinmu baƙi kakannin 'ya'yanmu suna Agege ne ko Idi-Araba ko can Arewa, sai dai a gansu ta waya. Shi ya sa a wurinmu amfanin dokar ya fi fitowa ta ɓangaren waɗanda ba dangi ba. Wata 'yar Nijar da muke gini ɗaya ta miƙa wa ƙawarta kwanakinta lokacin da ta koma karatun jinya, ƙawar ta ɗauki hutu daga wurin aikinta ta zauna da yaron. Duk a waya suka gama cike-ciken, babu layi babu "dawo gobe".

Ta fannin hidima kam sun yi mana nisa. Asibitin yara kyauta ne, allurar rigakafi kyauta, kuma bayan an sallamo mai jego ma'aikaciyar jinya kan zo har gida ta auna jariri. Kowane yaro ana ba shi kurona 1,250 duk wata. Ruwan zafi a famfo yake dare da rana, ba neman itace ba hura gawayi. Amma fa kusan kashi ɗaya cikin uku na albashi haraji ke tafiya da shi, kada ki ɗauka daga sama kuɗin ke faɗowa.

Abin da babu shi ne hannu. Ranar da na fito daga asibiti babu mai dama mini kunun kanwa, babu mai gasa nama ya barbaɗa yaji, babu mai karɓar yarinya in runtsa. Gero ma sai shagon 'yan Afirka, ƙulli kaɗan da tsadar tsiya, kanwa kuwa sai an yi sa'a wani ya taho da ita. Ki tuna haihuwarki ta fari, Hajiya ta rufe shagon atamfarta har kika yi arba'in, asuba da yamma tana kan tukunyar ruwan wanka. Mun yi mata godiya, mun sa mata albarka, amma babu wanda ya zauna ya lissafa cinikin da ya wuce ta, ita ma da an kawo maganar sai ta ce an raina ta.

Ni ban ce Legas ta kwaikwayi Suwidin kai tsaye ba. Jihar tun 2014, zamanin Gwamna Fashola, ta ba ma'aikatanta mata wata shida a haihuwa biyun farko, maza kwana goma, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka duba dokar ƙwadago ta ƙasa da ta tsaya a mako 12 da rabin albashi. Sai dai duk wannan na masu takardar ɗaukar aiki ne. Kakannin da ke reno a unguwanninmu masu sayar da abinci ne da 'yan koli da masu awo a kasuwar Mile 12, ba su da albashin da za a ɗauki kashi 80 a kansa. Ko yau aka kawo dokar nan Alausa, mazaunin gwamnatin Legas, Hajiya ba za ta shiga lissafin ba, kamar dai yadda ba ta shiga na nan ba.

Ki gaishe ta da kyau, ki ce mata yarinya ta fara zama.