Garau-garau na Inna a Mabera

Wata huɗu ke nan kusan kullum da hantsi ina tsayawa a rumfar wata dattijuwa a unguwar Mabera da ke Sakkwato. Ba allo, ba suna, kowa Inna yake ce mata. Garau-garau take sayarwa da alale, ranar Juma'a kuma ta ƙara da ɗanwake.

Baba ne sanadin zuwana. Da likita ya tabbatar yana da ciwon suga, aka ce ya rage farar shinkafa ya yawaita wake, domin wake ba ya saurin narkewa a ciki, suga ba ya tashi farat ɗaya. Na zaga wurare da dama, duk inda na je shinkafa ce zalla, wake sai ka tona. Na Inna kuwa wake ne ya rinjayi shinkafar, ya dahu luguf bai dame ba.

Na tambaye ta ko kanwa take zubawa. Ta ce, "A'a ɗana, tun da dare nika jiƙa shi, da asuba in zubar da ruwan." Wannan ya kwantar mini da hankali, don yawan kanwa yana lalata bitamin B1 na wake, jiƙon kuma yana rage kumburin ciki da mutane ke kuka da shi.

Mu fa mun raina wake ne don a gonarmu yake. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noma shi, Nijar na biye mata. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake furotin ne, mai gina jiki, ga sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini. In ya haɗu da shinkafa ko gero, kowanne yana cike giɓin ɗan'uwansa. A wannan tsadar nama, ba ƙaramin rufin asiri ba ne ga mai iyali. Inna tana yanka tumatir da albasa a kai, ni kuma in matsa lemon tsami, saboda yana taimaka wa jiki ya ɗauki ƙarfen.

Inda nake da ƙorafi shi ne mai. Hannunta na da nauyi wurin man gyaɗa, in ba ka yi magana ba sai ya kwanta a gindin kwano. Alalen kuma a leda take dafa shi, na fi son na gwangwani. Wurin zama benci ɗaya ne, ga ƙurar hanya, shi ya sa nake zuwa da kwanona mai murfi.

Kafin ƙarfe 11 tukunya ta ƙare. Jiya na makara, sai ƙanzo na tarar.