Gargaɗi kan masu damfara da sunan sayar da ƙananan jiragen jairo

Ina jan hankalin duk mai sha'awar mallakar ƙaramin jirgin jairo, wato jirgin nan mai kujera ɗaya ko biyu da farfela babba a samansa, cewa 'yan damfara sun shiga wannan harka a intanet. Suna kwafo hotunan jirage na gaske daga tallace-tallacen masu su, su liƙa a Facebook ko a wani shafi da suka ƙirƙira, su sa farashin da bai kai rabin na gaskiya ba, sannan su nemi a tura kafin alƙalami ta banki ko ta kuɗin kirifto saboda wai wani mai saye na jiran layi. Da zarar kuɗi ya fita, sai wani kamfanin jigila na bogi ya ɓullo da buƙatar kuɗin inshora, sai na kwastan, sai na ajiya, har ranar da lambar wayar za ta daina shiga.

Abin da ya fi saurin tona asirinsu shi ne ba su san jirgin da suke tallatawa ba. Sukan rubuta cewa yana tashi tsaye daga tsakar gida kuma yana tsayawa cak a sama kamar jirgi mai saukar ungulu. Wannan ƙarya ce. Tun daga jirgin Juan de la Cierva ɗan Sifaniya, wanda ya tashi a 1923, ka'idar ba ta canza ba: a lokacin tafiya injin ba ya juya farfelar sama, iskar da ke ratsa ta daga ƙasa ce ke juya ta, injin kuwa ƙaramar farfela yake juyawa wadda ke tura jirgin gaba. Saboda haka jiragen shaƙatawa irin waɗannan sai sun yi gudu a fili kafin su ɗaga.

Haka ma ƙarya ce zancensu cewa ba a buƙatar lasisi ko horo. Gaskiya ne a Amurka akwai sassauci ga jirgi mai kujera ɗaya da nauyinsa ba kaya bai kai fam 254 ba, amma dokar ta can ce, kuma ba ta shafi mai kujera biyu ba. Ko inda doka ta yi sassauci, koya wa kai tuƙin jairo ganganci ne da rai.

Asarar kuɗi ba ita ce ta fi tayar mini da hankali ba. Akwai waɗanda suke aiko da kaya da gaske, amma jabu: fikafikan farfela marasa lamba, waɗanda ba a san wanda ya ƙera su ba balle awoyin da suka yi a sama, ko injin Rotax, wato na wani kamfanin ƙera injinan ƙananan jirage, da aka goge lambar jikinsa aka buga wata. Fikafikan farfela suna da iyakar awoyin aiki, kuma tsagewar da ke farawa a gefen ramin ƙusa, can kusa da gindin fiffike, fenti sabo yana iya rufe ta tsaf. Wasu kuma suna sayar da kwaikwayon tsofaffin samfuran jairo marasa shimfiɗaɗɗiyar jela a baya, alhali rashinta, tare da injin da turinsa ya hau sama da tsakiyar nauyin jirgi, yana cikin dalilan da ke sa jairo ya kifa da hanci nan take, farfela ta rasa iska, kuma ba a cika tsira daga hakan ba.

Masu ƙera waɗannan jirage sanannu ne, irin su AutoGyro a garin Hildesheim na Jamus, da Magni Gyro a Italiya, da ELA a Sifaniya, kuma suna da dillalan da suka amince da su. Kafin ka biya ko sisi, ka karɓi lambar jikin jirgin da ta injin da ta fikafikan, ka tuntuɓi kamfanin kai tsaye ta adireshin da ka nemo da kanka, ba wanda mai talla ya ba ka ba. Ka binciki lambar rajista a kundin hukumar jiragen sama ta ƙasar da jirgin yake, ka ga ko sunan mai shi ya dace da sunan da ke kan asusun bankin. Ka nemi littattafan tarihin tashi da na gyara, shafi bayan shafi. Idan mai sayarwa ya ƙi yarda makaniken jirgi da kai ka zaɓa ya je ya duba jirgin ido da ido, to ka janye daga cinikin, ka kuma kai rahoton tallan ga masu shafin da hukumar yaƙi da zamba.