Randar sanyi: ta ga bazara ta ga damina a gidana

A ƙarshen watan Fabrairun 2025, ana saura kwana kaɗan a ɗauki azumi, na sayi randar sanyi, wato tukwanen ƙasar nan biyu da ake zura ƙarama a cikin babba a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Yanzu muna Satumba. Malamai mata a makarantar da nake koyarwa sun yi ta tambayata ko su saya, ni kuwa na ce su bari in ga yadda za ta yi da zafi da kuma ruwan sama tukuna. To na gani, kuma amsata ita ce a saya, amma a san watannin da take aiki da waɗanda ba ta yi.

Abin da ya kai ni ga sayenta ɗan lambuna ne. A bayan ɗakin girki ina da buhu goma sha huɗu, tsofaffin buhunan shinkafa da na siminti da na wanke na huda gindinsu, na cika su da ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen kashin awaki. A ciki nake shuka alayyahu da yakuwa da lalo da kuɓewa, da tumatir buhu uku, ga kuma zogale biyu a jikin katanga. Duk wadda ta taɓa shuka alayyahu ta san halinsa: mako uku zuwa huɗu ya isa yanka, kuma gaba ɗaya yake isa. In kin bar shi ya yi fure ya tsufa, in kin yanke shi da safe a watan Afrilu, kafin la'asar ya yi laushi kamar tsumma. Firiji muna da shi, amma wuta ba ta zama ta kai ya yi sanyin kirki. Ga kuma tumatir ɗin rani da ake kawowa kasuwar Yankaba ta Kano daga wajen Kadawa da Kura, wanda yake araha a Fabrairu da Maris, sai zafi ya tsananta farashinsa ya tashi. Ina son in riƙa sayen ɗan ƙaramin kwando lokacin arahar ba tare da rabinsa ya ruɓe mini ba.

A wajen wata dattijuwa mai sayar da tukwane a bakin kasuwar unguwarmu na saya. Da na yi mata bayanin abin da nake nema, ba ta bari na ƙarasa ba.

"'Yar nan, ai na sani. Ta ajiye kayan miya kike so. Ɗauki waccan babbar, ki ƙwanƙwasa ta da yatsa ki ji."

Na ƙwanƙwasa, ta yi ƙara garau. Ta ce haka ake gane tukunyar da ta gasu, wadda ta yi ƙara dum-dum kuwa ko ba ta ji wuta ba ko tana da tsaga. Ta zaɓo mini ƙaramar da za ta shiga ciki a bar tazarar yatsa uku ta kowane gefe. Na ce, "Inna, ba mai fenti? Ta fi kyau a ido." Ta girgiza kai ta ce fenti yana toshe jikin tukunya, ba za ta yi zufa ba, kuma in ba ta yi zufa ba babu sanyi. Naira dubu tara na biya duka biyun, ban da kuɗin adaidaita sahu.

Abu biyu ne ban ji daɗinsu ba a cinikin. Na farko, babu murfin da ya dace da bakin ƙaramar, kuma ba ta sayar da yashi, sai mutum ya je ya nemo da kansa. Na biyu, babbar da na fara kawowa ashe tana da siririyar tsaga a gindi, ƙarar da muka ji ba ta nuna ta ba. Kwana uku sai na ga ruwa yana kwanciya a ƙarƙashinta. Na mayar, ta duba, ta canza mini wata ba tare da gardama ba, har tana ba ni haƙuri. Kuɗin mota dai sau biyu ya fita daga aljihuna, don haka shawarata a zuba ruwa a cikin babbar tun a wurin, a tsaya minti kaɗan a duba gindinta kafin a ɗauka.

Haɗa ta ba wuya. Yashin gini na samo, na tankaɗe shi da rariya, na wanke shi sau biyu don laka ta fita. Na zuba a gindin babbar har ya zama in an ɗora ƙaramar bakinsu ya zo daidai, sannan na cika kewayen da yashi, na riƙa zuba ruwa a hankali har ya sha ya ƙoshi. Babbar 'yata ce ta saƙa mata gammo da kaba don ta zauna daram iska kuma ta riƙa wucewa ta ƙasa. Murfi kuwa faifai muka ɗora, na yanko buhun algarara na ninka shi biyu na ɗinke bakinsa, shi muke jiƙawa mu lulluɓe saman. Wannan ɗan aikin hannun ya ci mana yammacin Asabar guda, yaran suna ta rububin zuba yashi.

Da farko a cikin ɗakin girki na ajiye ta, kuma ba ta yi wani sanyi ba. Sai da na mayar da ita ƙarƙashin rumfa kusa da darbejiya, inda rana ba ta taɓa ta amma iska na kaɗawa, sannan na ga aikinta. Dalilin a fili yake. Ruwan da ke cikin yashin yana tsatsafowa ta jikin babbar tukunya, busasshiyar iska ta kwashe shi, yana tafiya kuma yana ɗauke da zafin da ke ciki, kamar yadda zufa ke sanyaya jikin mutum. Shi ne dai sirrin ruwan randa da muka tashi muna sha. Wata rana a Afrilu na aro ma'aunin zafi daga ɗakin kimiyya na makarantarmu, na auna da misalin ƙarfe uku na rana: a inuwar rumfa digiri 41, a cikin randar digiri 30. Wanda ya saba da firiji zai ce 30 ai ba sanyi ba ne. Amma ki zura hannu ki ji, akwai danshi mai daɗi a ciki, kuma danshin nan shi ke hana ganye bushewa.

Ina jin daɗin cewa mutumin da ya yaɗa wannan dabara a duniya namu ne. Mohammed Bah Abba ya yi aikin malanta a kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar Jigawa da ke Dutse, kuma daga gidan magina tukwane ya fito. A shekarun 1990 ya fara rarraba tukwanen a ƙauyuka, dubban farko da kuɗin aljihunsa, sannan a shekarar 2000 ya samu kyautar kamfanin agogo na Rolex ta dala dubu 75. Abin da ya fi taɓa ni a labarinsa shi ne hujjarsa: in kayan lambu ba sa lalacewa a kwana ɗaya, ba dole sai an ɗora wa yarinya talla kullum don a rabu da su ba, sai ta samu zuwa makaranta. Ni malama ce, na san kujerun da ke zama babu kowa ranar kasuwa. Dabarar ta kai har Sudan, inda ake kiranta zir.

A labaran da aka yi a kan aikinsa an ce yalo ya kai kwana 27 a ciki, alayyahu kwana 12. A gidana ban kai nan ba, kuma gara in faɗi abin da idona ya gani. Yalo da gauta su suka fi jin daɗinta, sun haura mako biyu fatarsu na sheƙi. Tumatir da na zaɓa masu ƙarfi, waɗanda ba su gama nuna ba kuma ba su da tabo, sun yi kwana goma sha biyu, alhali a kwando a tsakar gida kwana uku ko huɗu suke fara zubar da ruwa. Tattasai da attaruhu sun wuce kwana goma. Karas da kokwamba mako guda lafiya lau. Alayyahu kwana huɗu, wani lokacin biyar, in ban wanke shi ba kafin in saka. Yakuwa ta fi shi juriya. Kuɓewa ta kan fara baƙi-baƙi a gefe bayan kwana biyar. Na kuma lura in na haɗa ganye da nunannen tumatir ko mangwaro, ganyen ya fi saurin yin rawaya, saboda nunannen ɗan itace yana fitar da wata iska mai gaggauta nuna. Tun daga nan ganye a 'yar roba mai huji yake zama a sama, mangwaro kuwa na daina sakawa.

Albasa da tafarnuwa kada a kusanto da su, busasshen wuri suke so, a cikin danshi tsiro suke yi ko su ruɓe. Nama da kifi da sauran miya ma ba wurinsu ba ne. Wannan ina faɗa da babbar murya, domin digiri 30 ba ya hana abinci lalacewa, kuma ba na son wata ta ba iyalinta abin da zai ɓata musu ciki saboda ta ji na yabi randa.

Inda kwalliya ta biya kuɗin sabulu shi ne a azumi, wanda a 2025 ya cinye watan Maris. A da, kowace rana sai na aiki yaro kasuwa da tsakar rana, ko in tsaya a hanyar dawowa daga makaranta da ƙishirwa. Bana sau ɗaya a mako nake cefanen kayan miya. Da asuba bayan sahur, kafin rana ta fito, nake yanko alayyahu da yakuwa in tsinko zogale, lokacin ganyen yana cike da ruwa, in saka a randa. Da la'asar in buɗe in same su kamar yanzu aka yanko. Kwaɗon zogale ya zama abin buɗa-bakinmu kusan kullum: in dafa ganyen da 'yar kanwa kaɗan, in matse, in zuba dakakken ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa da ɗan man gyaɗa. Ranar da zafi ya hana kowa son tuwo, sai in yi faten tsaki da yakuwa mai yawa, tsaminta na buɗe baki. Ɗanwake ma in an yanka masa kokwamba da tumatir masu ɗan sanyi, daban yake da wanda aka yanka masa waɗanda suka wuni a rana. Zoɓo da lamurje kuwa a gora nake durawa in jingina a gefe tun hantsi. Ba sa yin sanyin ƙanƙara, sanyin ruwan randa suke yi, kuma surukata Hajiya ta ce shi ta fi so, don ba ya kama mata haƙori. Kunun aya dai ban yarda in bar shi ya wuni a ciki ba, saurin tsami gare shi.

Tana da ɗawainiya. Safe da yamma sai an ba yashin ruwa an kuma jiƙa buhun, a tsakiyar Afrilu har sau uku. Kusan lita biyu zuwa uku take sha a rana, kuma ga mai sayen ruwa a hannun 'yan garuwa wannan abin lissafi ne. Ranar da muka je biki muka kwana, na dawo na tarar yashin ya bushe ƙamas, ganyen ciki duk ya yi yaushi. Ruwan rijiyar burtsatsenmu yana da ɗan gishiri, shi ma ya riƙa barin farin abu a jikin babbar, sai na goge da soso duk bayan mako biyu don kada ya toshe ƙofofin da ruwa ke fita.

Da damina ta kankama labari ya canza. A Yuni tana ɗan taɓukawa, amma daga tsakiyar Yuli zuwa Agusta iska ta cika da laima, ruwan jikin tukunyar ba ya bushewa, in kin zura hannu ciki da waje kusan ɗaya ne. Buhun ya fara warin funfuna, gansakuka ta fito a gindi, tumatir ya riƙa ruɓewa da wuri. Na kwashe yashin na shanya, na wanke tukwanen na kife su a rumfa. Ban ga laifinta ba, haka aka gina ta, sai da busasshiyar iska take aiki. Shi ya sa da ƙanwata da ke aure a Fatakwal ta ce in aika mata, na ce ta bar kuɗinta. 'Yan uwa na Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi da Damagaram kuwa, inda zafi ke zuwa da bushewa, su za su fi ni morarta.

Makon jiya na koma wajen Inna na ce ta sa a gina mini wata mai faɗin baki, don ta yanzu kabeji ba ya shiga sai an raba shi, kuma a haɗo da murfinta na ƙasa. Ta ce sai ruwa ya ɗauke magina za su samu gasa tukwane da kyau, in dawo a ƙarshen Oktoba. Kafin nan zan sake cika buhuna da sabuwar ƙasa, in shuka latas da karas da lansir na hunturu.