Bazara ɗaya da kujerar yara a tsohuwar motata

Tun ranar da 'yan uwa suka ga ɗiyata a ɗaure cikin kujerarta a bayan mota suke tambayata: a ina kika samo, kuma ba ta dafa yarinya da zafin nan? Na riƙa ce musu su bari sai bazara ta wuce, domin abin da aka gwada a sanyin Janairu ba a gwada shi a Kano ba tukuna. Yanzu ruwa ya sauka. Wata shida ke nan ina amfani da ita kusan kullum, daga gida zuwa makarantar da nake koyarwa, ga kuma tafiya Zariya sau huɗu wajen dangin maigida.

Motata tokumbo ce ƙirar 1999, daga Turai ta shigo, ta kuma bi hannu biyu kafin ta iso gare ni. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai sayen kujera ya duba, ni kuwa ban duba ba sai da na je kasuwa. Kujerun zamani da yawa ana maƙala su ne a wasu ƙarafa biyu da ke ɓoye a tsakanin mazauni da majinginar kujerar baya, tsarin da ake kira ISOFIX. A 1997 aka fara sa shi a mota, kuma ya ɗauki shekaru kafin ya game ko'ina, don haka yawancin motocin da ke yawo a unguwanninmu ba su da shi. Na cusa hannu a tsagar kujerar baya na lalube daga wannan gefe zuwa wancan, ban taɓa komai ba sai ƙura da tsohon tsinken sakace. Dole na nemi irin wadda ake ɗaurewa da bel ɗin mota.

Wadda na samu ta hannu ce, a wurin wani mai sayar da kayan jarirai na gwanjo. Baƙa ce wuluk, mai soso mai kauri, tana da maɗauri mai kafa biyar: biyu a kafaɗu, biyu a ƙugu, ɗaya a tsakanin cinyoyi. A bayanta akwai takarda mai ruwan lemo da ke ɗauke da alamar ECE R44/04, ƙa'idar gwaji ta Turai, an kuma rubuta cewa tana ɗaukar yaro daga haihuwa zuwa kilo 18. A jikin robar an buga wani ɗan zagaye kamar agogo mai nuna shekarar da aka ƙera ta, na lissafa shekara huɗu. Masu ƙera irin waɗannan kujeru kan ba su wa'adi na shekara shida zuwa goma, saboda roba tana tsufa, rana kuma tana gaggauta tsufan. Abu ɗaya da mai kayan bai iya gaya mini ba shi ne ko kujerar ta taɓa shiga haɗari. Har yau wannan yana damuna, domin roba kan tsage ta ciki ba tare da ido ya gani ba.

Ɗaura ta ya ci mana yammaci guda ni da baban yara. Na so in sa ta a tsakiya, nesa da ƙofofi, amma bel ɗin tsakiya a motata na ƙugu ne kawai, ba shi da na kafaɗa, zanen da ke jikin kujerar kuwa ya nuna sai mai kafa uku. Muka mayar da ita bayan kujerar mai zaman banza, tana kallon baya. Akwai alamomi shuɗaye da ke nuna inda bel zai bi idan yaro na kallon baya, jajaye kuma na lokacin da za a juya shi gaba. A karon farko kujerar ta riƙa rawa kamar haƙorin da zai fita, sai da muka gane akwai wani matsi a gefe da ke cije bel ɗin. Baban yara ya danna gwiwa a cikinta, ni na ja bel iya ƙarfina, muka datse matsin. Ƙa'idar ita ce idan ka girgiza ta daga inda bel ya ratsa, kada ta motsa fiye da inci ɗaya. Da muka kai ga haka, shi ke nan, ban sake kwance ta ba sai ranar wanki.

Gaba kuwa ban ma yi tunaninsa ba. Motar tana da jakar iska, wadda ke kumbura da ƙarfi idan an yi karo, a gefen fasinja, kuma kujerar jariri mai kallon baya a gaban jakar iska kisa ce idan jakar ta fashe. Hukumar Kiyaye Haɗurra ma cewa take yaran da ba su kai shekara 12 ba su zauna a baya.

Hajiya, surukata, ba ta so abin ba da farko. Ranar da za mu fara zuwa Zariya ta tsaya a bakin mota tana kallon yadda nake ɗaure jikarta, ta ce: "Ke 'yar nan, ga cinya ga hannu, sai ki ɗaure min yarinya kamar kaya? Kuma ki juya mata baya?" Na ce: "Hajiya, ki yi haƙuri ki zauna kusa da ita, fuskarta ke za ta riƙa kallo." Ban yi mata dogon bayani ba, amma abin da ke raina shi ne karon mota mai gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita goma. Babu hannun kakar da zai riƙe jika a wannan hali, komai ƙaunarta. Kan jariri kuma ya fi ƙarfin wuyansa, shi ya sa ake juya shi baya, don majinginar kujerar ta tallafi kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya. Sabuwar ƙa'idar Turai, R129, ta wajabta kallon baya har yaro ya kai wata 15, mutanen Suwidin kuwa sukan bar yaransu haka har wajen shekara huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kujerun yara na iya rage mutuwar jarirai a haɗarin mota da kashi 71 cikin ɗari.

A tafiya ta biyu, mun wuce Kwanar Dangora kaɗan, wata akuya ta faɗo titi, motar gabanmu ta ci birki, ni ma na take nawa har ƙasa. Jakar Hajiya ta tashi daga cinyarta ta daki bayan kujerata, kwanon abincin da ke ƙasa ya kife. Yarinya ta buɗe ido, ta motsa baki, ta koma barcinta. Hajiya ta yi salati ta yi shiru har Zariya. Tun daga ranar ita ke tuna mini in duba ko maɗaurin ya matse.

Ta fuskar tsaro ke nan, ba ni da ƙorafi. Zafi ne ya ba ni wuya, kuma nan ne nake so iyaye su buɗe kunne.

A tsakiyar Maris na fito daga makaranta wajen ƙarfe biyu, motar ta yini a rana. Na ɗora yarinya a kujera, kafin in kai hannu ga maɗauri sai ta callara wata irin ƙara da ban taɓa jin ta yi ba. Ƙarfen maɗaurin ne ya taɓa cinyarta. Jan tabon ya kwana uku. Na taɓa ƙarfen da yatsana, ban iya riƙe shi ba. Washegari na rataya ƙaramin ma'aunin zafi na ɗaki a cikin motar, wanda iyakarsa digiri 50 ce, da na dawo na tarar ya ƙure. Wannan bai saɓa wa abin da masana suka auna ba: mota a rufe a rana kan ƙara kusan digiri 11 cikin minti goma kacal, mafi yawan hawan zafin kuma a rabin awar farko yake faruwa. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Stanford ta Amurka a 2005 ya nuna cewa sassauta gilas kaɗan ba ya rage zafin da wani abin a zo a gani. To a garin da Afrilu ke kai digiri 40 a inuwa, sai mutum ya yi lissafi da kansa.

Baƙin yadi da soso mai kauri su ne babban aibin wannan kujera a ƙasarmu. Don ƙasar sanyi aka yi ta. Ko tafiyar minti ashirin muka yi, sai in ɗago yarinya bayanta sharkaf da zufa, ƙeyarta jiƙe, kafin mako biyu ƙurajen zafi sun feso mata a wuya da gadon baya. Sai kuma matsalar da kallon baya ke jawowa a tsohuwar mota: babu mafitar iska a baya, duk sanyin daga gaba yake fitowa, dogon bayan kujerar kuma ya tare shi kamar katanga. Ni a gaba ina jin daɗi, ita a baya tana cikin tukunya, ga ranar da ke shigowa ta gilashin baya tana sauka a fuskarta. Jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi ninki uku zuwa biyar, kuma jariri ba zai ce miki yana jin zafi ba, sai dai ya yi ta kuka, ko kuma, wanda ya fi ban tsoro, ya yi laushi ya yi shiru.

Na fara da kai motar wurin mai gyaran esi. A shekarun baya duk bazara gas kawai nake sa a ƙara. Wannan karon na ce masa: "Malam, ba ƙari nake so ba, ka nemo min inda yake zurarewa." Ya gano wata tiyo da ta tsage, ya wanke kwandansa da ƙurar hunturu ta toshe, ya gyara fankar da ke gabanta wadda ashe ta daɗe ba ta juyawa, shi ya sa da an shiga cunkoso sanyi ke ɗaukewa. Shi ne kuma ya ba ni dabarar da ta fi kowace amfani: "Hajiya, ki ɗaga hancin iskar tsakiya ya kalli rufi, sanyi zai bi sama ya sauko mata." Haka aka yi kuwa. Kuɗin gyaran ya kusa kuɗin kujerar, amma ban ga yadda za a raba su ba. Wanda zai sa jariri a irin wannan kujera a Afrilu ba tare da esi mai aiki ba, to ya tsara fitarsa da sassafe ko bayan la'asar.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Ina da farin tawul babba da nake lulluɓe kujerar da shi duk lokacin da na ajiye mota, ina tura ƙarafan maɗauri ƙarƙashin yadi. Kafin in sa yarinya, nakan buɗe ƙofofi huɗu na minti biyu ko uku, in kunna esi, in shafa kujerar da bayan hannuna. Na liƙa labulen raga a gilashin gefenta. Nakan sa mata riga ɗaya ta auduga mara nauyi, in ba ta nono kafin mu tashi, da ta wuce wata shida kuma na ƙara da ruwa. A makaranta na roƙi maigadi ya riƙa bar mini gindin darbejiya.

Abubuwa biyu na gwada na daina. Na taɓa yafa mayafi a kan kujerar tana ciki don tare rana, da na ɗaga sai na ji iskar ciki ta fi ta waje zafi, ga shi ba na ganin fuskarta a madubin da na ɗaura. Na kuma taɓa ninka zani na shimfiɗa a bayanta don ya tsotse zufa, sai na lura maɗaurin ya daina kama jikinta yadda ya kamata. Idan kika iya tsunkule igiyar kafaɗa da yatsu biyu ta naɗe, ba ta matse ba. Na cire zanin.

Akwai wani tsoro da kujerar ta zo mini da shi wanda ban san da shi ba a lokacin da yaro ke cinya ko goye. Yaro mai kallon baya, idan ya yi barci, ba a ganinsa ba a jinsa. A Amurka fiye da yara dubu ne suka mutu a cikin mota saboda zafi tun daga 1998, fiye da rabinsu kuma mantawa aka yi da su, ba iyayen banza ba, mutane ne da gajiya ko canjin tsarin rana ya ruɗe su. Wasu sababbin motoci suna yin ƙara su tuna wa direba ya duba baya. Tawa ba ta san wannan ba. Don haka jakata da wayata a ƙasan kujerar yarinya nake ajiye su, ba ni da hanyar barin mota sai na buɗe ƙofar baya. Ban taɓa barin ta a ciki ba ko don sayen burodi a bakin titi. Kwance maɗauri da sake ɗaurewa yana da gajiyarwa, na yarda, musamman idan ta yi barci, amma ina yi.

Sannan tsohuwar mota haɗari ce ko tana ajiye a ƙofar gida. A Disambar 2021 yara takwas aka tarar sun rasu a cikin wata mota da ke ajiye a yankin Badagiri na Legas. Makullin motata na bai-ɗaya ya daɗe da mutuwa, ƙofar baya ta hagu ba ta kulluwa sai an danna da hannu, kuma na kunna makullin yara na gefen ƙofofin baya, wanda ke hana buɗewa daga ciki. A kan hanya kariya ne, a ƙofar gida kuwa tarko ne ga duk yaron unguwa da ya shiga wasan ɓuya. Yanzu duk dare sai na zagaya na ja hannun ƙofofi huɗu da but, mabuɗi kuma yana saman kwaba inda yayan yarinyar ba ya kaiwa.

Masu tambaya ko zan sake saye: zan saya, amma ba wannan ba. Zan nemi mai haske, toka-toka ko ruwan ƙasa, mai yadin da iska ke ratsawa da rigar da ake cirewa a wanke cikin sauƙi, domin cire rigar wannan sai an kwance igiyoyi duka. Zan fi son sabuwa ko da zan tara kuɗin wata uku, in ba haka ba sai daga hannun wanda na sani ya san tarihinta. Kuma zan je kasuwa da motar, a gwada a gabana kafin in biya, don wata ƙawata ta sayi mai ISOFIX mai tsada, ta kai gida ta tarar babu inda za ta maƙala ta.

Yarinya yanzu watanta goma sha ɗaya, kilo tara. Ƙafafunta sun fara taɓa majinginar kujerar baya, Hajiya ta fara cewa a juya ta gaba. Takardar jikin kujerar ta ba da damar kallon baya har kilo 13, don haka na ce mata sai mun kai can.